Hoton Jirgin Kwal

Shitu ɗan kwatas ɗin reluwe ne na Zariya. Mahaifinsa, Malam Kallamu, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana zuba kwal a wutar jirgin ƙasa, har aka kawo injin dizal aka sallame su. Shitu bai gaji aikin ba. Fatauci ya kai shi Guangzhou tun Hausawan garin ba su cika sahu ɗaya a masallaci ba, yana sarin jakunkunan mata a Shiling yana turawa Kano.

A dogon hutun makaranta na 1998 ya samo wa matarsa Rekiya da 'yarsu Najiba biza. Ya so tsohon ya biyo su, ciwon ƙafa ya hana. Sai saƙo tsohon ya ba Rekiya: "Na ji an ce can har yanzu jirgin kwal yana aiki. Ki ce ya ɗauko min hotonsa."

Washegarin saukarsu Shitu ya sayi kyamara a Tianhe. Direban da ke kai shi sari ya ce ba a ganin jirgin kwal sai an fita yamma da gari, wajen Sanshui. Suka tafi su duka, da shinkafa a kula. Damina ce. Suka wuni a gefen layin dogo ƙarƙashin laima, duk jirgin da ya ɓullo na dizal ne. Mai gadin mararraba sai girgiza kai yake: "Mei yo, lawban." Wato babu, maigida.

Suka koma, suka sake komawa. Mura ta kama Najiba, ta sauko mata ƙirji.

"Baban Najiba, hutu muka zo ko gadin layin dogo?" in ji Rekiya. "Yarinyar nan ko yawon kogin da ka yi mata alkawari ba ta samu ba."

"Ki yi haƙuri. Tunda nake, Baba bai taɓa roƙona komai ba."

Ana dab da komawarsu gida, suna bakin layin, jirgin kwal ya zo. Baƙi wuluk, ƙafafunsa jajaye, yana jan taragun duwatsu yana huci. Ƙasa ta ɗau rawa, Najiba ta toshe kunne ta ɓuya bayan uwarta. Warin kwal ya bugi Shitu, irin wanda rigar mahaifinsa ke shigowa da shi gida. Ya yi ta dannawa har fim ya ƙare.

A filin jirgin saman Baiyun ya miƙa musu hotunan da aka wanko. Najiba ta bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗago.

"Abba, ina nawa?"

Babu ita, babu uwarta, ko a gefe. Shitu ya shafa kanta ya ce baɗi, in Allah ya kai mu.

A Zariya Rekiya ta durƙusa ta miƙa wa surukinta ambulan. Ya zaro hoto ya riƙe shi a juye. Ashe yanar ido ta rufe masa gani, ya kuma hana kowa gaya wa Shitu.

"Hayaƙin baƙi ne ko fari, 'yata?"

"Baƙi ne, Baba."

"To mai wutar ya cika masa kwal. Sabon hannu ne." Ya shafa takardar. "Yaya kukansa yake?"

Ta yi ƙoƙarin kwaikwayo, muryarta ta karye. Ya ce ta bar shi haka, Allah ya yi albarka.

Bayan sallar layya tsohon ya rasu. A zaman makoki Shitu ya ji maganar idon, daga bakin wani maƙwabci da ya ɗauka ya sani. Bai tambayi Rekiya dalilin ɓoye masa ba, ita ma ba ta tayar da zancen ba. Da shekara ta zagayo kasuwar jaka ta yi sanyi, biza ta yi wuya, Rekiya da Najiba ba su ƙara taka China ba. Shitu ya koma ɗakinsa na haya shi kaɗai, ya ci gaba da sari.