Ranar da Aka Sa Inna a Gaban Mota

A garinmu, can wajen Kanan-Bakashe, ba a faɗa wa uwa mutuwar ɗanta kai tsaye. In ya rasu a nesa, sai a ce mata ba ya jin daɗi, yana son ganinta. A ba ta abin sha, a sa ta gaban mota, a haɗa ta da mace mai dauriya da za ta riƙa jan ta da hira har a isa. Mahaifiyarmu, Inna, ita ce gwanar wannan rakiya. Ta raka mata da yawa Tasawa da Maradi tana ba su labarin tsadar gishiri, alhali ta san an riga an yi jana'iza.

Autanmu sojan sama ne. Ni na goye shi, ni na riƙa kora shi lakwal, wato makarantar boko, da tsumagiya, kuma har yau ina mamakin yadda yaron da ke tsoron jakinmu ya zama matuƙin jirgin yaƙi. A shekarar da nake magana damina ta sake ƙi, soja ke mulki, ana kuma raɗe-raɗin faɗa can arewa. Mun san an tura shi can, kuma ya daɗe bai aiko ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi motar jandarma ta tsaya a ƙofar maigari. Ba su jima ba suka tafi. Maigari ya kira Kawu, ƙanen Inna, tun da mahaifinmu ya rasu. Kawu kuma ya ja ni bayan rumbu.

"An ce a kai Inna Yamai," in ji shi. "Wai za a ba yaron lambar girma, ya yi jarumtaka."

"Yana raye?"

"Ba su hwaɗi ba. Maigari kuma bai tambaya ba."

Na ji kamar in je in shaƙe maigari. Amma wa ke yi wa jandarma tambaya a zamanin nan? Kawu ya taɓa yin wanki a bariki, ya ce shi dai duk lambar da ya gani, bisa akwatin gawa ya gan ta.

"Ke za ki raka ta," ya ce. "Ki riƙe huskarki."

Kafin azahar gari duka ya sani, kowa kuma ya yanke cewa yaro ya mutu. Sai alheri ya fara zubo mana. Wata Bafillatana da fari ya kusa ƙarar mata da shanu ta kawo wa Inna ƙwaryar nono, a shekarar da ko jarirai ba sa samu. Maƙwabcinmu, malamin majami'a, ya ba da amalankensa ya kai mu Mayahi, ya tsaya yana gaishe ta, gaisuwar ta yi tsawo. Haushi ya cika ni. Kowa na ganin ya iya ɓoyewa, alhali ko makaho zai gane.

A tashar Mayahi wani ya raɗa wa direba magana. Nan take ya sauko da wani ɗan kasuwa, ya buɗe wa Inna ƙofar gaba. Ta tsaya tana kallon kujerar.

"Yau ni ce a gaba," ta ce, ta hau.

Na matsa kusa da ita. Hanya cike da mutanen da yunwa ta koro, wasu da buhu a ka, wasu da akuya ɗaya. A kowane shinge soja su leƙo, ina tsoron kada wani ya saki magana. Sai na ji bakina yana ba ta labarin yadda gishiri ya yi tsada. Ta juyo ta dube ni, na gane abin da na yi. Amma ta amsa, ta ce ai kanwa ma ta hau. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta san ƙa'ida: wadda ake rakawa ba ta tambaya, don kada ta sa mai rakiya ƙarya.

Da muka tsaya salla, na buɗe ƙullin kayanta in ɗauko mata goro. A ƙasa na ga farin yadin da ta daɗe da saya don likkafaninta, wanda take ajiyewa a gindin akwati. Na mayar da shi yadda na same shi, na zaga bayan mota na yi kuka, na wanke fuska na dawo.

A barikin Yamai aka zaunar da mu ƙarƙashin rumfa. Aka yi ta busa da ganga. Wani babban soja ya yi dogon jawabi da Faransanci, ni kuwa ina ta neman inda aka ajiye akwati. Sai na ji an kira sunan autanmu, wani ramammen mutum ya fito daga layi, hannunsa na hagu naɗe da bandeji. Da tafiyarsa na gane shi, yana ɗan jefa ƙafa irin ta mahaifinmu. Sojan da ke kusa da mu ya fassara mana: an harbi jirginsa, amma ya ƙi juyawa sai da 'yan'uwansa da aka ritsa a ƙasa suka fita, sannan ya sauko da jirgin yana hayaƙi.

Ni na rushe da kuka. Inna ba ta motsa ba. Da aka tashi ya zo ya durƙusa a gabanta. Ta shafa kansa, ta taɓa kunnensa, ta murza lambar da yatsa kamar mai duba atamfa a kasuwa.

"Za ka koma can?" ta tambaye shi.

"In hannun ya warke, Inna."

Ta gyaɗa kai kawai.

Ranar komawa ya nema mata gaban mota, ta ƙi. Ta hau baya cikin buhuna, na hau tare da ita. Da muka yi nisa, ta juyo wurina.

"Na yi ma mata da yawa abin nan, ina cewa tausayi ne," ta ce. "In ranar ta zo, ke za ki hwaɗa mani, a tsakar gida, ki kira sunanshi. Kada ki ba ni nono."

Na ce to.

Hannun ya warke, ya koma arewa. Inna ba ta mayar da farin yadin gindin akwati ba, a sama ta bar shi. Daga lokacin, duk sa'ad da aka ji ƙarar mota, ni nake fara fita ƙofar gida. In na dawo sai in iske ta tsaye, tana kallon fuskata.