Dafaffiyar Askar Kaka

Ina da cikin fari, shekarun da aka fara maganar zaɓe, dagacin ƙauyenmu da ke kusa da Ɗansoshiya ya sa aka yi shela: duk wata ungozoma ta kai askarta ɗakin shan magani na En'e, wato hukumar gargajiya, a tsabtace mata. Ungozomomin yankin suka yi kunnen uwar shegu, sai kakata kaɗai. Ita ta yanke cibiyar rabin garin, kuma ta gaji da ganin jarirai suna sandarewa kafin suna. Ta ce in raka ta, tafiya tana sauƙaƙa naƙuda.

Askar gadon uwarta ce. Kubenta na jar fata ne, da laya ɗinke a jikinsa, kuma mata sun yi imani layar ce ke tsare jariri.

Malamin asibitin dogo ne mai gajeren wando, yana duban mutanen ƙauye kamar ya ga kashi. Ya nuna mana wata tukunyar ƙarfe mai kauri a kan risho. Ruwa kaɗan ake zubawa a gindinta, kayan aiki kuma su zauna a sama bisa faranti mai huji, kamar madambaci. Ya ce tafasa a buɗe ba ta kashe duk ƙwayoyin cuta, akwai masu taurin rai. Amma in aka ɗaure murfi tam, aka bari iska ta fice ta ɗan bututu sannan aka toshe, tururin ba shi da hanyar gudu. Sai ya matsu, zafinsa ya zarce na tafasasshen ruwa, ya ratsa kowane lungu.

Kaka ta ce in dai yana ratsa komai, to a sa har kuben, tunda a cikinsa askar ke kwana. Ai hankali ne. Malamin ya san abin da tururi ke yi wa fata, na ga murmushinsa, amma ya ce, "Zuba, Iya."

Tukunya ta yi ta huci, hannun wani agogo da ke kan murfin ya hau, ya jima a sama, ya sauko, sannan malamin ya buɗe. Askar ta fito fes a cikin sabon farin alawayyon da ya naɗe ta da shi tun farko. Kuben kuwa ya ƙanƙance ya murɗe kamar ganda, layar ta fashe, tawada ta zube. Ya ɗaga shi da hantsaki yana nuna wa masu jiran allura, har da Fulani masu tallar nono, yana tambaya wa zai ci da yaji. Aka yi ta dariya. Har yau ban yafe masa ba.

Ya ce kada ta kwance ƙyallen sai ranar aiki. Kaka ta karɓa da hannu biyu, har da godiya.

Labari ya riga mu isa gida. Aka ce an dafe asirin askar, ta zama ƙarfen banza. Matan da ta karɓi haihuwarsu suka koma kiran wata tsohuwa daga unguwar gabas, wadda ba ta kai tata askar asibiti ba. Yara na bin Kaka suna tambaya ko askar ta nuna. Ita dai ta ajiye ƙunshinta cikin ƙwarya, tana cewa a kan ɗana za ta buɗe shi, kowa ya gani.

Naƙuda ta kama ni a gidan miji, da hantsi, kafin a kai ni gida goyon ciki. Kaka ta iso da gudunta, uwar mijina ta tare ƙofa.

"Ba a yanke wa jikana cibiya da dafaffiyar aska," in ji ta.

Ina daga ciki ina kiran Kaka, ba wanda ya kula ni. Tsohuwar gabas ta zaro askarta daga kube, ta goga a zaninta, ta yanke. Namiji ne, jawur, mai yawan suma.

An riga an ɗaure ragon suna a gindin rumbu lokacin da jaririn ya daina kama nono. Bakinsa ya ƙulle, bayansa ya banƙare, ko kuka ya kasa. Ya cika a hannuna kafin a raɗa masa suna. Ba wanda ya tambayi tsohuwar gabas komai. Cewa aka yi Kaka ce ta jawo, da ta tsaya a bakin ƙofa da aska marar tsari.

Duk da haka ta zo. Ta zauna a tsakar gida ba mai amsa gaisuwarta, ta ji maza na cigiyar farin ƙyallen likkafani. Sai ta jawo ƙwaryarta, ta kwance ƙunshin, ta ajiye askar a ƙasa, ta miƙa alawayyon.

"Wannan mai tsabta ne," ta ce.

Uwar mijina ta juya shi, ta ga sabo ne, ta karɓa. A cikinsa aka naɗe ɗana.