Kunnen Aro

Mai Sauti ya tsufa ne a cikin but ɗin motoci. In ka je shagonsa, wanda ke manne da ƙofar gidansa, ƙafafunsa za ka fara gaisarwa, don sauran jikin yana can ciki tsakanin amfilifaya, na'urar ƙara sauti, da babbar sifikar nan da samari ke kira wufa. Tun yana saurayi yake haɗa wa mutane kiɗa a mota, kuma ba abin da yake taƙama da shi kamar kunnensa. Mota na shigowa tana gurnani zai ce waya ce ta saki, ko akwatin sifika ne ya tsage, tun mai ita bai gama sallama ba. Matarsa, wadda yake kira Maman yara, ta sha yi masa ƙorafin ƙarar da ke girgiza mata kwanuka, shi kuma ya ce ai da ƙarar aka sayi kwanukan.

Sannu a hankali ya fara ƙure muryar rediyo, yana mitar wai mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. Kowa a gidan ya gane kunnensa ne ya fara nauyi, amma wa zai furta?

Ran nan sai ga Dogo, wani direban tasi, ya sake dawo da motar da aka duba masa.

"Baba, wallahi fiton nan da sifika ke yi yana nan. In na taka totur ya tashi, in na saki ya sauka. Har toshe kunne fasinjoji suke yi."

Mai Sauti ya shiga, ya tada mota, ya taka. Dukan wufa kam yana jin sa har ƙirji, lafiya lau. Fito kuwa babu. Har ya buɗe baki zai ce wa Dogo ya je a wanke masa kunne, sai ya lura fuskar direban na yamutsewa duk sa'ad da inji ya hau, ta saki in ya sauka. Ashe fiton yana nan, shi ne ba ya ji. Tsoro ya kama shi sosai, don in labari ya kai tasha cewa Mai Sauti ya kurumce, to sai dai ya rufe shago.

"Je ka huta," ya ce, "ka dawo da la'asar."

Ya shiga gida ya tarar da matar tana wanki. Ya ɗan tsaya yana sosa ƙeya.

"Maman yara, zo ki ara mini kunnenki."

Ta dube shi. Tana da magana a baki, tsohuwar magana ma kuwa, amma ta haɗiye abarta, ta goge hannu a zani ta biyo shi.

Ya zaunar da ita a kujerar direba, ya nuna mata totur. Ya ce in tana jin fito ta ɗaga hannu, in ya daina ta sauke. Shi kuma ya koma baya yana leƙen hannunta ta gilashi.

Ta taka, hannu ya tashi. Ya zare wayoyin da ke kawo sauti daga rediyo zuwa amfilifaya, hannu ya sauka. Ya mayar, ya sake tashi. To, hanyar ɓarawo ta bayyana. Ya ɗaga kafet, sai ga wayoyin sautin kwance jikin ƙatuwar wayar batir, wani mai gaggawa ya ɗaure su tare. Ya raba su, kowace ta bi gefenta. Hannun ya sauko rabi ya tsaya.

"Ya ragu," ta ɗaga murya, "amma da saura, kamar kukan sauro."

Ya bi wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, ya tarar an ɗora ta a kan fenti, notin ma duk tsatsa. Ya kankare wurin har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya sa sabon noti ya ɗaure tamau. Ta taka, ta ƙara takawa har mota ta yi ruri, hannunta na kan cinya.

Da Dogo ya dawo ya gwada, sai ya washe baki.

"Kai Baba! Kunnenka dai ba irinsa a garin nan."

Mai Sauti ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Bayan motar ta tafi, ya zauna a benci yana goge hannu da tsumma. Matar na tsaye a bakin ƙofa.

"Wai ya fiton yake? Yi mini in ji."

Ta tsuke leɓe ta hura. Ya zuba wa bakinta ido yana jira.

"Kin fara?"

Ta daina. Tausayinsa ya kama ta har ta kau da kai. Sannan ta zo ta zauna kusa da shi, ta matso da bakinta daidai kunnensa.

"Maigida, gobe da wace mota za mu fara?"