Kafaɗa Huɗu a Sirmoli

Shekara arba'in da biyar Diwan Singh yana ɗaukar mutane a kafaɗa. Ƙauyensu Sirmoli na can kan dutse, tafiyar awa huɗu daga inda mota ke tsayawa, don haka mai naƙuda da marar lafiya duk a dandi ake saukar da su, wato kujerar nan da aka ɗaure a kan gora biyu. Mutum huɗu ke ɗaukarta. A da, in aka buga kuge, maza ashirin ke fitowa, har faɗa ake yi a kan wanda zai kama gaba.

Sau shida Diwan na kai wa hukuma takardar roƙon hanyar mota. Amsar ɗaya ce: sai ƙauye ya kai mutum ɗari biyu da hamsin. To ina za a samo su? Rashin hanya ke korar mutane, rashin mutane ke hana hanya. Gidajen da ke da kwaɗo a ƙofa sun fi masu hayaƙi yawa, birai kuwa sun zama masu gari. Mazan da suka rage da sauran ƙarfi huɗu ne cif: shi, da Jaman, da Trilok, da Puran.

Ana gama yankan tamba Puran ya zo, ya zauna yana ta murza hularsa.

"Kawu, an rufe makaranta. Yara uku suka rage, biyu nawa ne. Ranar Alhamis za mu sauka gaba ɗaya."

Diwan ya juya. Matarsa Bachuli ya kalla, tana tsintar wake a bakin ƙofa. Shekara biyu ke nan tana fama da haki, ko rijiya ba ta iya zuwa. In ciwon ya taso mata bayan Alhamis, kafaɗa uku ba ta ɗaukar dandi a wannan gangare.

"Kallon me kake min kamar akuyar da za a kai kasuwa?" in ji ta.

"Maman Girish, ki bi su. Ki zauna wurin ɗanmu Girish a birni, ga asibiti kusa."

"Lafiyata ƙalau. Yau ma gurasa biyu na ci."

"Shi ya sa. Gara ki sauka da numfashinki."

"In na gaji da birnin fa, wa zai hawo da ni?"

Ya sunkuyar da kai. Ba zai iya binta ba kuma, ga saniya, ga gona, ga ɗakin Girish da ko mutum uku ba ya ɗauka.

Ranar Alhamis da hantsi suka ɗauke ta. Ba ta yi kuka ba, sai umarni take ta bayarwa daga sama: a riƙa ba saniya gishiri, kada a bar tamba a rana birai su gama da ita. Jaman ya ce, "Matar yaya, kin ƙara nauyi fa!" Ta ce, "Kai ne ka tsufa, shashasha." Aka yi dariya kaɗan, dariyar ta mutu nan take.

A bakin titi motar ta zo da ƙura. Puran ya loda kayansa da iyalinsa, ya kama hannun Bachuli ya shigar da ita. Ta leƙo ta taga.

"Baban Girish, kai fa? Wa zai sauko da kai?"

Sai direba ya ja mota.

Su ukun suka tsaya suna kallon kujerar. Trilok ya ce, "Yaya, mu hau da ita?"

Diwan ya daɗe yana shafa gorar, wurin da kafaɗarsa ta goge har ya yi sumul. Baƙin ciki ya cika shi, ya rasa wanda zai ɗora wa laifi. Sannan ya kama gefe ɗaya, suka jingine ta a bayan rumfar mai shayi, suka kama hawa hannu wofi.