Ledar Ɗakin Yaya Hajara

Gusau zuwa Gummi

Ana sallame asuba na nufi tasha, jakata ba komai sai almakashi da takardar alminiyom ta naɗe abin da na yanko. Aikina shi ne tattara kayan roba daga kasuwanni a kai ɗakin gwaji. Akwai wani mai mai kauri, farafin mai kulorin, da masana'antu ke zubawa a roba don ta yi laushi, kuma kada ta yi saurin kama wuta. Ido ba ya ganinsa, amma a hankali yake fita ya bi ƙura ko yawun yaro, in ya shiga jiki kuwa ya samu wurin zama. Ƙasashen duniya sun fara hana wani nau'insa, mu ko abin da ke kasuwarmu ba mu sani ba.

A shingen da ke bayan Anka ɗan sanda ya zazzage jakar, ya ɗaga almakashi.

"Kai tela ne?"

"Telan takalman roba ne, yallaɓai," in ji direba. Mota ta kwashe da dariya, aka ɗaga mana hannu.

Da hantsi muka shiga Gummi. Na sayi takalman yara da tiyo da 'yar tsana ta roba, na kwana wurin wani abokina malamin makaranta. Matarsa ta cika ni da tuwon dawa har na kasa tashi.

Bukkuyum

Damina ce, sai da kabu-kabu na shiga, laka har gwiwa. A rumfar wani tsoho na sayi silifa, na yanki gefensa nan take na naɗe. Ya dube ni ya girgiza kai.

"Sabo ful, ka biya kuma ka yanke? Allah shi ba ka lahiya, ɗana."

Na ce amin, ai ba a ƙin addu'a.

Anka zuwa Dareta

Wannan zangon ba na aiki ba ne, na zumunci ne. Yayata Hajara ke aure a Dareta. Shekarar gubar dalma ta rasa ɗanta Sa'adu, bai ko fara magana sosai ba. Da aka kankare ƙasar gidajen aka zubo sabuwa, an gargaɗi mata kada yara su riƙa rarrafe a ƙasa. Hajara ta sayar da akuyarta ta sayo leda a Anka, ta shimfiɗe ɗakinta kaf. Safe da yamma take goge ta.

Ina shiga na tarar da ƙaramarta Nana, mai fitar da haƙori, ta ɗago bakin ledar tana tsotsa. Ledar mai taushi ce, irin robar da nake ta yanka. Na ƙudurta ba zan ce komai ba, don ledar nan ita ce ke sa yayata barci.

Amma ita ta goya ni, ta san fuskata. Ta aje furar da ta damo.

"Auta, mi kake kallo ga ledar?"

Na yi ta kame-kame, ƙarshe na faɗa mata komai. Na ce ban sani ba ko akwai man nan a ledar, ko babu, sai an gwada.

Ta ɗauke Nana ta goya, sannan ta miƙo hannu.

"Ba ni almakashin."

Na nuna mata lungu bayan gado, inda ba za a ga giɓi ba. Ta ƙi. Ta durƙusa ta yanko wurin da yarinyar ke tsotsa, har da shaidar haƙoranta biyu a jiki.

"Nan za su auna," in ji ta. "Wancan karon sai da munka binne kana anka zo aunawa."

Hawaye ya zubo mini, ban ɓoye ba. Kafin magariba ta naɗe ledar, ta ciro tabarmar kaba da Innarmu ta saƙa mata ta shimfiɗa, ta ce a kanta Nana za ta zauna har in kawo amsa.

Komawa gida

Washegari la'asar ta yi mini a Gusau. Duk sauran kayan suna jaka, wannan yankin kaɗai na riƙo a aljihun ƙirji. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, da duk wanda ya ɗauke ni ko ya ciyar da ni a hanya. Yaya Hajara kuwa, yankinki shi na fara miƙawa a ɗakin gwaji.