Hannun da ke Gefen Hoton

Na yi laifi, kuma tun a ranar na sani. Amma ba laifin da mutanen unguwarmu Karantina suka ɗora mini ba ne. Su a ganinsu laifina shi ne na ɗauki matata muka tafi hutu Lebanon. Wannan kam ban tuba ba, kuma da zan sami ƙarfin jiki yau da na sake.

A farkon shekarun saba'in ne. Ni makaniki ne a wani gareji a unguwar Bani Malik, haifaffen Jidda, takarduna na ɗan ƙasa ne. Duk bazara ina gyara wa 'yan kasuwar Balad motocinsu, su kwashi iyali su tafi arewa shan iska, ni in koma ƙarƙashin wata motar ina wanka da zufa. Wata shekara na ce halas, ya isa haka. Na tayar da wata tsohuwar mota da aka yar a bayan gareji, na ce wa matata ta shirya.

A unguwarmu matafiyi sai ya bi gida-gida ya yi sallama, ya nemi yafiya. Tafiya biyu kaɗai aka sani: ziyarar Madina, ko komawa ƙasar Hausa da iyayenmu suka baro. Na sami kawuna a ƙofar gidansa da abokan hirarsa.

"Madina za ku?"

"A'a, Kawu. Hutu za mu, Lebanon."

"Wa ya rasu a can?"

"Babu wanda ya rasu. Bakin teku za mu je mu huta."

"Tekun bayan gidanka ya ƙafe ne?" Tsofaffin suka kwashe da dariya. Kawu ya bari suka gama, sannan ya ce, "Takruni, baƙar fata irinmu, da hutu! Je ka, ɗana. Ƙofar farko da ka ƙwanƙwasa za a tambaye ka ina maigidanka."

Na ce Allah ya gafarta Kawu, mu yafi juna, na tashi. Maganar ta bi ni har cikin mota.

Matata kuwa murna take. Gyaɗa da yaji take sayarwa a ƙofar gida, ba ta taɓa wuce Madina ba. Ta sayi sabuwar atamfa shuɗiya mai zanen ruwan ɗorawa, ta yi lalle har wuyan hannu. Abu ɗaya ta roƙa: "Malam, a ɗauke mu hoto tare a bakin ruwan, in nuna wa Inna."

Garin da muka sauka Jubail ne, ba na wajen Dammam ba, wani tsohon gari ne a arewa da Beirut. Ƙaramar tashar jiragen masunta, ganuwar dutse da ta girmi kakannin kowa, tebura har bakin ruwa, iska mai sanyi da ƙamshin gasasshen kifi. Mai masaukin da muka nufa ya dubi motar, ya dube mu, ya ce, "Yaushe maigidan zai iso?"

Na ajiye makullin mota a gabansa da ƙarfi. "Ni ne maigidan. Ba ni ɗakin da ke kallon teku."

Ya ba ni, yana ta ba da haƙuri. Har yau in na tuna fuskarsa sai na ji daɗi.

Da safe na sa kwat da taye da na saya a Balad. Ita ta ajiye abaya, kamar yadda matan Jidda ke yi in sun je can, ta ɗaura atamfarta da ɗankwali. Na ce mata mu riƙa Larabci a waje. Ta ce to. Muna isa bakin ruwa ta tuɓe takalmi ta tsoma ƙafa, ta ɗaga murya da Hausa: "Malam! Ruwan nan sanyi kamar na randa! Zo ka ji!" Mutanen tebura suka juyo. Ni na tsaya nesa da takalmina mai sheƙi.

Kusa da ganuwa akwai mai ɗaukar hoto. Na kira shi, na gyara taye. Ta zo ta tsaya kusa da ni, ƙafarta jiƙe, tana gyara ɗankwali. Mutumin ya leƙa cikin na'urarsa, ya ɗago ya ce mini, "Ranka ya daɗe, bari yarinyar ta riƙe maka jaka ta matsa gefe, tana tare jiragen."

A nan laifin yake. Jiya da aka ɗauke ni bara, baki bai yi mini nauyi ba. Yau da aka ɗauke ta baiwa, kalma biyu suka gagare ni: matata ce. Na ga mutanen tebura na kallo, na ji daɗin ranka ya daɗe, sai na miƙa mata jakar. Larabcinta ya fi nawa, ta ji komai. Ta dube ni, ta ce, "To, Malam," ta matsa.

Daga ranar ta mayar da abayarta. Ba ta sake shiga ruwan ba. Na saya mata kifi, na saya mata awarwaro, tana cewa an gode.

Da muka dawo na sa hoton a gilashi na rataya inda mai shigowa zai fara gani. Kawu ya zo ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ashe dai ka je." Na ce na je, kuma ni ne maigidan. Surukata ta zo da ƙawayenta, ta nemi 'yarta cikin hoton ta rasa. A can gefe akwai hannu mai lalle riƙe da igiyar jaka. Matata ta ɗora yatsa a kai. "Ga ni nan, Inna. Ni ce mai jaka." Matan suka yi dariya, sun zaci wasa take.

Shekaru tana goge duk abin da ke ɗakin, ban da wannan gilashin. Ina gani, ina gaya wa kaina ai don Kawu na rataya shi. Kawu ya rasu, hoton na nan.

Ranar da za mu tashi daga Karantina zuwa Bani Malik ta ɗaure komai, har ƙusoshin bango ta cire, ta bar hoton shi kaɗai. Na sauke shi na same ta tana ƙulle tukwane. Na durƙusa a gabanta, abin da ban taɓa yi ba.

"Hajiya, kai ki Jubail ban yi kuskure ba, ko duk Karantina za su taru a kaina. Amma mutumin can ya ce miki yarinya, na yi shiru, na kuma ba ki jaka da hannuna. Ke matata ce, a can ya kamata in faɗa. Ki yafe mini."