Shekarar da Na Girbe Dawata Ɗanya

A ƙauyenmu, can gefen Danchadi, ba a sakin shanu cikin gonaki sai an zauna. Idan kaka ta yi, hakimi ya tara manoma, da ardon Fulanin da ke yamma da mu, da kansilan da muka zaɓa. A tashi manomi ɗaya da makiyayi ɗaya su zaga gonaki, su ga wanda amfaninsa bai nuna ba. Sai sun dawo ake sa rana, sanƙira ya yi shela. Mu muna son taki, su suna son kara, don haka zaman ba ya wuce hayaniya da shan fura.

Kansilan nan ɗan unguwarmu ne, gajere mai son magana. Ko kwalbati ban ga ya gina mana ba, kuma na sha faɗa masa haka a bainar jama'a. Amfaninsa ɗaya ne, mun san ƙofar gidansa. In ya yi ba daidai ba zai fito ya tarar da mu cike da zaurensa, kuma ya san wata rana zai dawo neman ƙuri'a.

Da aka koma mulkin farar hula mun ɗauka abin gaba zai yi. Sai aka rushe kansilolin, aka naɗo kwamitin riƙo na 'yan jam'iyya. Kullum za a yi zaɓe, za a yi zaɓe, har soja suka karɓi mulki ba a yi ba. Su kuma suka turo kantoma, mutum ɗaya tilo. Ni dai ban taɓa ganin fuskarsa ba, sai motarsa in ta wuce a hanyar Bodinga.

Ana cikin haka aka yi fari. Shukar farko ta ƙone, gero bai yi komai ba. Gonata a kwari take, na sake shuka kaura, dawar nan mai jinkirin nuna, kuma Allah Ya taimake ni ta yi kyau. Ita kaɗai ce abincin gidana na shekarar.

Sai muka ji a rediyo an sa rana ɗaya ta sakin gonaki ga yankin gaba ɗaya, wai don a hana rikicin manoma da makiyaya. Wanda ya bar amfaninsa a gona bayan ranar, ba shi da ƙara. Na je na matsa ƙwayar dawata da farce, ruwa fari ya fito.

Na tafi wurin hakimi na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, dawata ba ta nuna ba."

Ya ce, "Na sani. Ni ma ga rediyo nij jiya, awa kai. Ba a tambaye ni ba."

Na hau keke zuwa sakatariya. Ma'aikacin da na samu mutumin kirki ne, har ruwa ya ba ni. Ya ce umarni ne daga sama. Na ce ya kwatanta min saman in je in roƙe su. Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ya ce shi ma bai san wanda ya sa ranar ba.

Ardo ya yi alkawarin riƙe shanunsa. Amma ya ce, "Waɗanda ka tahowa daga wajen Lambara da Dandin Mahe, ban da iko da su. Sun ji rediyo, kuma dabbobinsu na mutuwa." Ban ga laifinsu ba, har yau ban gani ba.

Ana gobe za a saki, na shiga gonar na fara sara. Ban yi nisa ba na ji motsi a bayana, ashe tsohon kansila ne da addarsa, ya naɗe ƙafar wando. Bai yi sallama ba, ya kama kunya ɗaya.

Can ya ce, "Zamanin dauri, da zama guda mun ɗaga ranar ga. Yanzu wanga shi na iyakar ikona."

Wunin nan kaf muka yi muna sara tare. Ni kuwa haushi ne ya cika ni, irin wanda babu wanda za ka sauke wa. Da hannuna nake kashe abincin 'ya'yana, alhali kowa a garin ya san 'yan kwanaki kaɗan dawar take nema.

Muka kwashe kawunan, muka shanya a gida. Da suka bushe matata ta sussuka, ta ɗauki faifai ta shiga shiƙa, yara sun kewaye ta da ƙwarya suna jira. Ta ɗaga faifan ta zubo, iska ta tafi da kusan duka. Ta dubi abin da ya saura a ƙasa, sannan ta ce wa yaran su je waje su yi wasa.